Roƙon Ruwa da Riguna Masu Hoto

A shekarar da aka yi ta maganar tazarce ina koyarwa a wata firamare a Wambai, cikin garin Suleja. Yayana bakanike ne a Gauraka, bakin titin Abuja. Mahaifinmu kuwa yana Chaza da gonarsa ta masara, wadda ita ke riƙe da gidajenmu uku. Duk kaka sai ya aiko mana da buhuna, mu da muke taƙamar zaman birni.

Shugaban ƙasa na lokacin soja ne. Da zai hau bai shawarci kowa ba, amma da aka zo batun ya zarce sai aka ce mu talakawa ne muka matsa masa, shi bawan Allah ba ya so. Jam'iyyun da ake da su kaf suka tsayar da shi. Ni dai ban tuna ranar da na matsa masa ba, amma Yaya ya ce in ja bakina in yi shiru, da ni aka yi.

Yaya ya faɗa harkar ne ta dalilin wani Alhaji da motarsa ta mutu a Gauraka. Ya gyara masa, hira ta yi daɗi, ashe Alhajin jigo ne a wata ƙungiyar goyon baya da ke Abuja. Kafin ka ce kwabo an naɗa Yaya kodineta na yankinmu, an maƙala masa bajo mai hoton shugaba a ƙirji. Tun daga ranar ya daina shiga ƙarƙashin mota, wai kada bajon ya yi baƙin mai.

Kullum muka haɗu a teburin mai shayi sai mun kwashi 'yan kallo. In ce masa layin mai ya kai inda ido ba ya gani, kananzir ya gagari matan aure, wuta kuwa sai dai ta leƙo ta gaishe mu ta koma. Shi kuma ya ce an gyara tituna, an kai magani asibiti, ƙasa tana zaune lafiya, sannan ya kafe ni da tambayar da ta fi ba ni haushi, wai wa nake da shi da ya fi shugaban. In ce ai ba a bar kowa ya tsaya ba. Ya ce to ka gani da bakinka, babu. Wallahi sau tari ji nake kamar in kwara masa shayin. Da muka kai ƙara gaban Baba, cewa ya yi shi bai san mutumin ba, amma baƙon da ya shigo gida ba sallama, in ya ce zai kwana, ba izini yake nema ba, tabarma yake nema.

Abin da ya mayar da wasan gaske shi ne taki. Al'adar Baba, duk rani akwai wani Bafulatani da yake sauka da shanunsa a gonarmu, su kwana a ciki wata da watanni, su bar mana kashinsu, Baba ya sallame shi da dawa da gishiri. Da wannan gonar take rayuwa. A ranin nan Yaya ya zo da labarin cewa Alhaji ya yi alkawarin tirela guda ta takin zamani ga mutanen Chaza, kuma buhunan Baba ne za a fara saukewa. Ya ce a daina wahala da kashin shanu, a bar dawar a rumbu. Yaya ne ɗan da ya gudu daga gona tun yana saurayi, kuma bai taɓa kawo shawarar da aka ɗauka a gidan ba. Ina ganin Baba so ya yi ko sau ɗaya ya nuna wa gari cewa babban ɗansa ma mutum ne. Ya ba Bafulatanin haƙuri, shi kuma ya kora shanunsa gonar wani.

Sai daga baya muka ji ashe alkawarin da sharaɗi. Alhaji yana son kaset na bidiyo da zai nuna wa manya, ga jama'ar karkara sun yi dafifi suna roƙon shugaba ya zarce. Ya aiko da dila guda ta riguna, farare, masu fuskar shugaba a gaba. Yaya ya kira taro, mutane suna sharar gona, ba wanda ya zo sai tsofaffin da ba sa iya zuwa ko'ina da awakin da ke kiwo a filin. Ya sake kira, wannan karon har tsofaffin ma sun rage.

Ana cikin haka aka yi ruwa sau ɗaya mai kyau, kowa ya yi shuka, sai sama ta ɗauke. Tsiron ya ƙone a ƙasa. Hankali ya tashi, liman ya ce a yi azumi a fita roƙon ruwa. Nan fa dabara ta faɗo wa Yaya, don babu taron da yake kwashe gari kaf kamar wannan. Ya bi gida-gida yana raba riguna, yana roƙon a ɗora su a kan kayan jiki, in an idar da salla a tsaya minti kaɗan a ɗaga hannu a yi wa mai kyamara kirari. Na ce masa ya ji tsoron Allah, wurin kuka ba wurin kamfe ba ne. Ya ce in ruwa ya sauka babu taki, in zo in gaya masa kukan da za a yi. Ni da nake zage-zage a teburin mai shayi, da safe na zura tawa, har da gyara wuya.

Da hantsi muka fita filin idi, yawanci ba takalmi, yara a gaba, tsofaffin mata a baya, wasu har da dabbobinsu. Ban taɓa ganin mutanen Chaza sun yi anko irin na ranar ba. Limanmu idonsa ya yi rauni, fari kawai yake gani, har ya yaba da yadda jama'a suka fito da tsabta. Mai kyamarar da Alhaji ya turo, wani matashi Kirista ɗan wajen Filato, ya hau kan suri ya kafa na'urarsa. Yaya ya ce masa duk abin da ya gani ya ɗauka, kada ya yanke komai.

Abin da Yaya ya manta, don rabonsa da wannan salla tun yana yaro, shi ne yadda ake rufe ta. Bayan raka'a biyu da huɗuba, liman ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa. Jama'a kuma kowa ya tuɓe rigarsa ta sama ya juya ta, cikin ya koma waje, da fatan yadda aka juya tufa haka Allah zai juya hali. Rigar sama kuwa a ranar ita ce ta Alhaji. Cikin ƙiftawar ido gari guda ya kife fuskar shugaban ƙasa. Ga yadin arha ne, shara-shara, ana hango fuskar dishi-dishi ta baya, rubutun ya koma hagu. A haka aka ɗaga hannuwa, liman yana kuka yana roƙon Allah ya yaye mana wannan masifa, ya kawo mana sauyi, maza masu gemu suna hawaye suna amin. Mai kyamara yana ta aikinsa tsakani da Allah. Na saci kallon Yaya, na ga shi kaɗai ne bai juya ba, baki buɗe. Astagfirullah, a tsakiyar addu'a dariya ta kusa kashe ni.

Ana shafawa ya miƙe ya shiga bin mutane, a taimaka a mayar da riguna daidai, a yi kirarin nan ko sau uku ne. Ba wanda ya kula shi, don a wurinmu ba a mayar da rigar sai an koma gida an tuɓe. Wani tsoho ya tambaye shi ko so yake hadarin ya juya shi ma. Daga ƙarshe ya durƙusa gaban Baba, don ya san in Baba ya mayar, rabin filin zai bi.

"Baba, takin nan fa. Gonarka ce."

Baba ya dube shi, ya dubi sama. Na ga abin ya yi masa nauyi ƙwarai.

"Na sani," in ji shi. "Amma yanzun nan na gama roƙon Wani. Ba zan warware a gabansa don in roƙi wani ba."

Ya tashi ya kama hanyar gida da rigarsa a juye, gari ya bi shi. Mai kyamara ya naɗe wayoyinsa ya hau mota da kaset ɗinsa.

Da Yaya ya je Abuja sai da ya yini a bakin get. Alhaji bai yi masa faɗa ba. Ya ce shi ma ɗan malamai ne, ya san juya riga sunna ce, amma a nuna masa wanda zai tsaya gaban manya yana bayanin sunna alhali ga fuskar maigida a kife, ana kuka ana neman sauyi. Ya ce ya fasa kaset ɗin da hannunsa, kuma Yaya ya gode wa Allah da abin ya tsaya a nan. Ya sa hannu ya cire bajon daga ƙirjinsa. Maganar tirela ba ta ko taso ba. Har gobe Yaya yana rantsuwa an riga an yi mata lodi, ni kuma har gobe ban yarda an taɓa ƙera ta ba.

Ruwa dai ya sauka, kamar da bakin ƙwarya, aka sake shuka. Ba a daɗe ba Allah ya yi wa shugaban rasuwa, sai ga Alhaji a talabijin yana cewa shi tun fil'azal ɗan dimokuraɗiyya ne. Ni da Yaya muka rasa abin musu. Ko ya cancanci ya zarce ko bai cancanta ba, ba a kai ga tambayar mu a akwati ba.

Gona kuwa ba ruwanta da wannan. Masarar ta fito, ta yi rawaya tun tana gwiwa. Yaya ya sayar da jak ɗinsa da wasu sifanu ya samo ɗan taki a bayan fage, bai kai ko kusurwa ɗaya ba. Abin da aka girbe bai rufe gindin rumbu ba. Baba bai taɓa ce wa Yaya uffan ba, kuma na san da ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ni ma da nake jiran ranar da zan ce ai na faɗa, da ta zo sai na ji ba na so.

Kafin wata damina abinci ya ƙare a gidan. Baba ya shigo gari ya ce mu raka shi kasuwa. Muka bi shi har layin 'yan hatsi, ya tsaya gaban wani ɗan awo da ya shekara da shekaru yana sayen masara a hannunsa. Mutumin ya miƙe da murna, ya kawo benci, yana leƙen bayanmu ko zai ga mai baro.

"Baba, bana an makara. Buhu nawa aka kawo mana?"

Baba ya sa hannu cikin masarar mutumin, ya ɗauki ƙwaya ya ciza. Yaya ne ya ce awo muka zo yi.

Ɗan awon ya rasa inda zai sa idonsa. Ya faɗi kuɗi, Baba bai taya ba, don bai san yadda ake yi ba, duk rayuwarsa shi ake tayawa. Ya buɗe bakin buhu da kansa ya riƙe.

"Ka cika mudun, ɗana," in ji shi, "yadda nake cika maka."