Garkar Kawu Mati

Duk wanda ya taɓa zuwa gaida Kawu Mati a Gazawa ya san kafin ya amsa sallama sai ya dubi ƙafarka. "Tuɓe takalmi, rufe ido!" Daga nan ya ja ka garkarsa ta bayan gida, ka taka rairayi, ka taka tsakuwa, ka taka ƙaiƙayin gero, shi kuwa yana cusa maka ganye a hanci: "Mi ne wanga?" In ka ce na'ana'a alhali ɗoɗɗoya ce, wallahi ranar ba ka shan shayinsa.

Har wani jandarma bai tsira ba. Tambayar hanya kawai ta kawo shi. Ya ce, "Baba, ina bakin aiki." Kawu ya ce, "Ƙafar ga mi ta yi maka ka kulle ta tun safe? Sake ta!" Bawan Allah ya tuɓe, ya zauna gindin lalle, ga tulu mai huda yana ɗiga cikin kwano, ga 'yan gwangwanaye a reshe iska na kaɗa su. Kafin shayi ya tafasa, sai minshari!

Wani malamin gona kuma ya zo daga buro, wato ofishinsu na garin Agiye, ya zagaya, ya ce, "Alhaji, ba tumatir, ba albasa. To me kake girba a nan?" Kawu ya ce, "Hawan jini. Zauna, na ga naka ya nuna."

Ran da akuyar maƙwabta ta cinye rabin na'ana'ar, muka ce yau sai gaban mai gari. Ina! Cewa ya yi, "Ku ƙyale ta. Ba takalmi ta shigo, kuma sai da ta sansana ta ci. Ta fi ku tarbiyya."

Mu dai mun ɗauke shi mai taɓin kai, har shekarar da ɓarin jikin Inna ya shanye. Inna ita ce mahaifiyata, yayarsa. Wata huɗu ba ta ce uffan ba, abinci ma sai da lallashi. Kawu ya turo amalanke. Na ce, "Kawu, likita ya ce ta huta." Ya ce, "Kallon rufin ɗaki shi ne hutu?" Kullum da hantsi sai ya zaunar da ita cikin garka, ya sa ƙafarta a rairayi mai sanyi, ya murza mata ganye a tafin hannu. Ran kwana na tara ta shafa ƙasar gindin lalle, ta daɗe tana haɗa baki, sannan ta ce, "Mati... sakarai... ruwa ya yi yawa."

Tsoho da furfurarsa ya fashe da kuka. "Kun ji? Ta zage ni! Yaya, ƙara!"

Shekara uku Inna ta yi tana zaginsa, yana godiya.

Allah ya jiƙan Kawu Mati, ya sanyaya makwancinsa, ya sada shi da yayarsa a inuwar da ba ta gushewa. Amin.