Shukar Babana a Bakin Tekun Jidda

Na san tsohon garin Jidda da ƙafata fiye da yadda na san wasu unguwannin Daura, alhali yini ɗaya na yi a cikinsa. Ba na yi wa ko maƙiyina fatan ya ga gari irin ganin da na yi masa.

Umara na kai babana. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Zango, ni kuma ina koyarwa a Daura. Tun bayan rasuwar innata hankalinsa ya fara zamewa. Sai ya yi alwala ya sake yi, ko ya dubi jikokinsa ya tambaya 'ya'yan wane ne. Ƙannena suka ce kada a tafi da shi. Ni da taurin kaina na ce ai don haka ma za a tafi, tun yana iya gane Ka'aba in ya gan ta. Ya kuwa gane ta, ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Muka gama ibada lafiya, aka sauke mu a wani masauki a Jidda mu kwana, washegari bayan la'asar mota ta kai mu filin jirgi.

Da muka yi asuba na bar shi a kan darduma da carbinsa, na sauka wajen awon kaya. Wanda ya san mutanenmu da sikeli ya san ba a gamawa da wuri, kowa na rantsuwa jakarsa ba ta kai haka nauyi ba. Da na dawo ɗaki sai na tarar da darduma, da carbi, da takalmansa a gefe. Fasfonsa yana cikin jakata. Ɗan abin da aka ɗaura masa a hannu mai sunan masauki yana wajen famfo, inda ya cire shi don alwala. Tsoho ne mara takalmi, mara takarda, wanda ba ya jin ko kalma ɗaya ta mutanen garin, wani lokaci ma sunan ƙauyensa sai an tuna masa.

Mai gadin ƙofa ya yi ta yi mini nuni da hannu, hagu da dama duka. Larabcina na sallah ne, ina iya karanta shi, amma ban iya tambayar inda tsoho ya bi da shi ba. Jagoran tafiyarmu ya ce in kwantar da hankali, tsofaffi a masallaci ake samun su. Sannan ya sassauta murya ya ce mota dai ba za ta jira kowa ba. Da ba don girmansa ba, da na gaya masa magana.

Na fita da hoton Baba a wayata. Na shiga masallaci na farko, na biyu, na uku, ina leƙa fuskar duk mai farin gemu. Daga nan na faɗa cikin tsohon gari. Gidaje ne dogaye, masu tagogin katako da aka yi wa sassaƙa, wasu kore wasu ruwan ƙasa, wasu sun karkata har an tokare su da itace. An ce da duwatsun teku aka gina su. Baƙi na tsaye suna ɗaukar hoto suna mamaki, ni kuwa haushin gidajen nake ji, don kowanne yana da lungu a bayansa, kowane lungu kuma yana haifar da wasu biyu. Kyanwoyi ko'ina. Na bi rumfar masu turare, na bi ta masu dabino, na fita ta wata tsohuwar ƙofar gari ta dutse na sake dawowa ta cikinta ban sani ba. Duk wanda na nuna wa hoton sai ya girgiza kai ya yi mini addu'a.

Na je har katangar maƙabartar da ake cewa nan aka binne Nana Hauwa'u, don Baba ya taɓa tambayar ta a mota. Ƙofa a rufe. Na zagaye katangar ina kiran "Baba" da ƙarfi, mutane na kallona. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na ga kaina ina sauka a tashar Daura da jaka biyu ni kaɗai, ƙannena na duban bayana. Na ga Baba a tsare a wani ɗaki ana tambayar sa da yaren da bai sani ba, yana murmushin nan nasa na ban haƙuri. Ƙanwata ta yi ta kira a waya don ta ji ko mun shirya, na kasa ɗauka.

Zafin garin ma wani iri ne. Namu na bazara busasshe ne, yana ƙona fata ya bar ka. Wannan kuwa jiƙa mutum yake yi, riga ta manne a baya, numfashi ya yi nauyi. Aka kira azahar ban san inda nake ba. Takalmina ya tsinke, na riƙe shi a hannu.

A bakin wata kasuwa na ji ana Hausa. Wata dattijuwa ce cikin matan nan namu da suka daɗe a can, zaune a kan tabarma tana sayar da gyaɗa da goro. Na durƙusa na miƙa mata wayar. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce tabbas ya wuce da sassafe, ƙafarsa ba takalmi, har ta yi masa tayin ruwa bai tsaya ba. Ta tuna shi ne saboda gaisuwar da ya yi mata ta ba ta dariya.

Na ce, "Inna, me ya ce?"

Ta ce, "Ce mini ya yi, yaya ruwa? Ni kuwa rabon da a yi mini gaisuwar damina tun ina budurwa. Na ce masa ruwa ya yi gyara, Alhaji. Sai ya ɗaga hanci yana shinshina iska, ya yi nan."

Ta nuna yamma. Ni ma na ɗaga hanci. Iska ce mai danshi ke tahowa daga can, irin wadda ke shigowa ƙauyenmu in an yi ruwan farko a wani wuri kusa. Tun ina yaro, in Baba ya ji wannan iskar da asuba ba ya jiran kowa. Takalmi ma ba ya sawa, don da tafin ƙafa yake gane inda laima ta fara. Sai ya bi iskar har gona ya tona ƙasa ya ga ko ruwan ya kai na shuka. A gida lokacin bazara ne, ana ta duban sama. Ni duk safiyar nan ina neman alhaji a masallatai, ashe manomi ne ya fita.

Ban ko yi mata godiyar kirki ba. Na bi iskar. In hanya ta karkata sai in tsaya in ji ta wane kunci take bugu na, in bi can. Na tsallake manyan tituna masu motoci kamar ba a mutuwa, ina tunanin yadda shi ya tsallake su, ina salati. Na wuce wani tafki, na wuce kasuwar kifi mai ƙarni, na bi wata doguwar hanya da aka jera wa itatuwan dabino. Rana ta fara karkata. Sai gine-gine suka ƙare, ruwa ya buɗe a gabana ba iyaka. Ranar na fara ganin teku, kuma ban ji komai ba sai faɗuwar gaba, don Baba bai san ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Bakin ruwan duk dutse ne da siminti. Na yi ta bi ina leƙa ƙasa, ina tsoron abin da zan gani. Can a wani ɗan wuri da aka bar wa yashi na hango farar riga.

Ya naɗe ƙafar wandonsa. Ya samo wani guntun itace yana sara da shi kamar sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, layi a miƙe kamar an ja igiya. Ya yi layuka da yawa, ruwa na zuwa yana shafe na ƙasa, shi kuma bai kula ba. Ƙafafunsa sun kumbura, ɗaya na jini. Na isa gare shi da niyyar in yi faɗa, in yi kuka, in rungume shi, ban san wanne zan fara ba. Shi ya riga ni magana, ko ɗagowa bai yi ba.

Ya ce, "Kun makara. Laima ta shiga sosai. Ina uwarka da irin?"

Na ce tana tafe, Baba. Na ajiye tsinkakken takalmina na bi bayansa, ina jefa abin da babu a kowane rami, ina binnewa da diddige yadda ya koya mini. Sai da muka kai ƙarshen layi ya yarda na kama hannunsa. Muka samu motar haya, muka iske tamu an gama loda kaya, jagora na tsaye a ƙofarta yana duban hanya.

Ba mu daɗe da dawowa ba aka yi ruwan farko a ƙauye, ruwa mai kyau, da asuba. Ina can na kwana. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan, maƙwabta na ta fita da sungumi a kafaɗa. Na ɗauko nasa na jingina a bakin zaure inda yake zaune, na zauna kusa da shi ina jira ya ɗaga hanci. Ya dubi sungumin, ya dube ni, ya tambaye ni na wane ne.