Alfred Mai Ƙusa

Da hantsi za ka gan shi ya fito daga Pantami a kan keke, da guduma da doguwar ƙusa a jaka. Alfred ke nan, malamin gona. Tun shekarar da aka sauke tutar Turawa yake bin gonakin auduga. Da kuɗin mai suka ɓarke, maganin feshi ya cika gari, sai ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi: duk galan ɗin maganin da ya ƙare, sai ya huda gindinsa. Mata sun zage shi, don galan ne mai kyan ɗebo ruwa.

Ni Bamanga ban yi boko ba, amma agana ta kama ni ta sake ni, yunwa ta gwada ni ta gaji. Ranar da ya zo huda nawa galan ɗin, na ce masa, "Malam, maganin tsutsa ne zai kā da ni?"

Ya ce, "Baba, fetrokemikal ake ce masa. Fetur a bakin Turawan dā man dutse ke nan, kemikal kuwa sinadari. Daga ɗanyen mai ake tatso shi, shi da bokitin roba. Za ka sha kunu a tankin mota?"

Na ce, "In an wanke, me zai hana!"

Na ɓoye galan guda, aka wanke da toka sau bakwai. Ranar sunan jikana aka cika shi da kunun zaƙi. Alfred ya zo barka, ya hango shi, ya dafe bakin galan ɗin, ya ce:

"Ba mai sha, balle mai jego."

Mai jegon 'yata ce Safiyyatu, ga kofi a hannunta. Don in kunyata shi, na kwankwaɗi ludayi biyu a gaban jama'a. Kafin a gama rabon goro yawu na dalala, gari na juya mini. Alfred ya kifar da kunun, aka ɗaure ni da rawani a bayansa, ya taka keke sai asibiti. Kwana huɗu na yi. Da wani ne da an binne, ni ne dai.

Alfred, kai ne ka sha zagi a ƙofar gidana, kuma har yau ba ka yi mini gori ba. Safiyyatu ta yaye ɗanta da ƙafarta. Allah ya saka maka, ya raya naka.

Watan nan ya ajiye aiki. Sababbin malaman gona, ku yi koyi da shi. Gudumar ya tafi da abarsa, ƙusar kuwa na roƙa ya ba ni. Duk mai galan a unguwarmu Gabukka ya ɓoye da kyau: ina tafe, dutse ma ya ishe ni bugawa.