Sadakar Laraba

Wani dattijo yana tsaye gaban teburina a biro, wato ofishin ƙungiyarmu ta taimakon marayu a Magarya. Rigarsa wankakkiya ce, wuyanta ya sha ɗinki. Dami biyu na gero ya kawo daga Yekuwa.

Sabon tsarin ordinatarmu, kwamfutar ke nan, ba ya karɓar sadaka sai da suna da nimeron waya, don ya aika saƙon godiya.

"Rubuta Laraba, malam," in ji shi. Nimeron yana kansa, ya faɗo mini shi.

Ina dannawa sai aljihunsa ya yi ƙara. Ya ciro salula naɗe cikin kallabi. Ina jin mai kallabin ta riga mu gidan gaskiya.

Ya miƙo mini salular. "Karanta mini."

"Mun gode, Laraba," na karanta.

Ya sunkuyar da kai. "Maimaita, ɗana. An daɗe ba a kira sunanta ba."