Mai Tsani da Shuɗin Zare

A ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin shagon mai gyaran waya da ƙofar masu yanka gilashi, nan Baba Faci ya kafa kekensa na ɗinki. Ba ya ɗinka sabon kaya, tuni ya bar wa matasa wannan wahalar. Aikinsa gyara ne: zip ɗin da ya ƙi hawa, aljihun da ya ɓule, wandon da mai shi ya yi ƙiba ya kuma ƙi yarda. Shekara talatin da ɗoriya yana wurin. Gajere ne, furfura har a gira, da tabarau wanda hannunsa ɗaya ya karye aka maye shi da zare. In ka kai masa aiki zai yi maka shi tsaf, amma fa ka shirya kunnenka, domin Baba Faci makarancin littattafai ne, kuma bai iya karanta abu mai daɗi ya yi shiru ba.

"Ɗana, ka taɓa karanta labarin matar nan mai kiwon zuma, wadda..."

"Baba, wallahi sauri nake, motar ofis za ta tafi ta bar ni."

"To, jeka. Na sa maka sunansa a aljihu."

Da gaske yake. Duk wandon da ya bi ta hannunsa yakan fita da 'yar takarda a aljihun dama, ɗauke da sunan littafi. Mai gyaran waya yakan ce rabin wandunan garin nan sun fi masu su ilimi. Baba Faci yakan yi dariya tare da shi, amma a duk waɗannan shekaru ko mutum ɗaya bai taɓa dawowa ya ce masa na karanta ba.

Da can yana da mai saurare. Matarsa ba ta son karatu da kanta, ta ce haruffa na sa mata hawaye, amma da la'asar in ta shimfiɗa bargon guga sai ta ce, "To, ina muka tsaya?" Ya yi ta karantawa, ita kuma ta yi ta faɗa da mutanen cikin littafin. "Kai, ka ce masa kada ya shiga jirgin nan!" Har ta taɓa ƙona masa riga saboda haushin wani alƙali na cikin labari. Shekara bakwai ke nan da rasuwarta. 'Yarsu tilo tana aure a nesa, tana kiransa duk mako, tana tambayar hawan jininsa da ko yana cin abinci. Ya taɓa aika mata da littafi. Da ya je ganin jikokinsa sai ya tarar da shi a ƙarƙashin ƙafar durowa, an tokare ta da shi don kada ta riƙa girgiza. Ranar ya kasa cin abinci.

Bayan rasuwar matar ne, da ɗaki ya yi masa faɗi, ya je ya yanki kati a laburaren unguwa. Ɗaki biyu ne a saman ofishin ruwa, da fanka ɗaya mai kuka, da Malama mai kula da wurin, doguwar mace da ba a cika ganin haƙoranta ba. A bangon bayanta an manna sanarwa da jan alƙalami: duk wanda aka kama yana rubutu a cikin littafi ya rasa katinsa.

A littafi na uku da ya ara, da ya kai shafin ƙarshe, sai ya ga a can ƙasan kusurwa an zana ɗan ƙaramin tsani da fensir, mai hawa biyar. Bai ɗauke shi a bakin komai ba. Na gaba da ya ara littafi ne mai shegen surutu, marubucin ya cika shafi ɗari uku bai faɗi abin da ya kawo shi ba. A ƙarshensa ga tsani nan, amma mai hawa ɗaya. Baba Faci ya tuntsire da dariya shi kaɗai a ɗaki, karo na farko tun bayan rasuwar. Ya gane. Wani ne yake auna daɗin littafi da hawan tsani.

Daga ranar ya sami aboki. Ya sa masa suna Mai Tsani. In ya shiga laburare ba ya duban bangon littafi, shafin ƙarshe yake leƙawa da ido ɗaya, don kada ya ga yadda labarin ya ƙare. Hawa huɗu ko biyar ya ɗauka, hawa biyu ya mayar. Mutumin bai taɓa yaudararsa ba. Sau ɗaya suka saɓa, a kan labarin wani direban jirgin ƙasa da Mai Tsani ya ba hawa uku, alhali a ganin Baba Faci biyar ma ta yi masa kaɗan. Mako guda yana fushi, yana taka keke yana mita: "Uku? Kai dai ba ka da tausayi." Daga baya ya sake karantawa, ya sauko zuwa huɗu, suka shirya.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne saurin mutumin. Kowane farkon wata Malama takan jera sabbin shigowa a ɗan teburin bakin ƙofa. Baba Faci yakan rufe shago ya zo tun kafin ta gama goge teburin, amma sai ya tarar biyu ko uku daga ciki tuni an kafa musu tsani. Wannan bawan Allah ko a laburaren yake kwana? Ya riƙa satar kallon masu zuwa. Ya zargi tsohon ɗan sandan da ke barci a kan jarida. Ya yi wata guda yana gaida wani mai fensir a bayan kunne, gaisuwa har da rusunawa, ashe kafinta ne da aka kira gyaran kantar littattafai. Hanya mafi sauƙi ita ce ya tambayi Malama, amma ina! Ga sanarwa can da jan alƙalami. Ba shi ne zai tona wa abokinsa asiri a ƙwace masa kati ba.

Sai ya nemi hanyar mayar da amsa da abin da ya iya. Littattafan wurin da yawa sun sha hannu, bayansu ya saki. In ya ari irinsu yakan ɗinke su da allura, ɗinki mai kyau irin na da. Wanda bai burge shi ba da farin zare. Wanda ya shiga ransa kuwa da shuɗi, ya ƙulla ƙulli a gindin littafin ya bar ɗan jela yana leƙe: ƙulli uku, huɗu, biyar. Zare dai ba rubutu ba ne, babu dokar da ya karya.

Shekara uku da suka wuce ya yi abin da bai taɓa zaton zai iya ba. Akwai littafin da matarsa ta fi so, labarin wa da ƙane da suka yi shekara suna haƙa rijiya ɗaya ba sa magana da juna. Sau huɗu ya karanta mata shi, a shafi na casa'in ma akwai tabon dutsen guga inda ta taɓa ɗora shi da mantuwa. Ya ɗinke shi da shuɗin zare, ƙulli biyar, ya kai wa Malama kyauta. Ba don laburare ya kai ba. So yake Mai Tsani ya karanta, ya faɗi nasa.

Duk Asabar sai ya je ya buɗe shafin ƙarshe. Wani lokacin ya tarar littafin ba ya nan, an ara, ya yi ta ɗokin dawowarsa har mako biyu. In ya dawo, shafin fari fat. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Da ko hawa ɗaya aka ba shi zai karɓa, ya yi fushi, ya huce. Shirun ne ya fi ƙarfinsa.

Sannan, bana, tsanin ya ɗauke gaba ɗaya. Wata ya kama, an jera sabbin shigowa, babu tsani ko ɗaya. Wata na biyu haka, na uku haka. Baba Faci ya fara ɗinke aljihu a baibai. Da 'yarsa ta kira ta ce, "Baba, muryarka wani iri, lafiya?"

"Abokina ne, ina jin ba shi da lafiya."

"Ayya. Wane abokin naka?"

Ya buɗe baki, ya rasa sunan da zai faɗa, sai ya ce ta ba shi jikokinsa su gaisa.

Ranar Asabar ya sa rigarsa ta fita kunya, ya sayi lemo cikin leda irin na zuwa dubiya, ya hau matakalar ofishin ruwa. Ya jira har tsohon ɗan sandan ya fara minshari, sannan ya matsa gaban Malama.

"'Yata, zan tambaye ki abu, amma sai kin yi mini alkawari ba za ki ƙwace wa kowa kati ba."

"Baba, me aka yi?"

"Alkawarin tukuna."

Ta yi. Ya ciro littafin direban jirgin, ya buɗe mata kusurwar. "Mai wannan zanen. Wata uku ban ji ɗuriyarsa ba. In kwance yake, ki kwatanta mini gidan, ko asibitin. Ba zan daɗe ba, gaisuwa kawai."

Malama ta dubi tsanin, ta dubi ledar lemon, ta cire tabarau ta ajiye. Ta jawo masa kujera.

"Zauna, Baba. Wannan ai mai fenti ne, mai fentin gidaje. Allah ya yi masa rasuwa shekara takwas ke nan, tun kafin ka yanki kati. Matarsa ce ta kawo mana littattafansa, kwali goma sha ɗaya, ta ce ba ta iya kallonsu. Ni kaɗai ce a nan, ba na iya shigar da su lokaci guda, shi ya sa duk wata nake ciro biyu ko uku in haɗa da sababbi. Kwalin ƙarshe ya ƙare wata uku da suka wuce."

Fanka ta yi ta kukanta. Kunya ce ta fara kama shi, tsofai-tsofai da shi yana faɗa da shiryawa da wanda ya riga matarsa shiga ƙasa. Bayan kunyar sai baƙin ciki, sabo fil, kamar yau aka yi rasuwar.

"Ke nan littafin rijiyar..."

"Bai taɓa ganinsa ba, Baba."

"Allah ya jiƙansa," in ji shi. Ya share ido da gefen hannun riga. "Mutumin kirki ne. Sai dai ya zalunci direban jirgi."

Ya miƙe a hankali ya nufi kantar da littafin matarsa yake. Zai ɗauki abinsa ya mayar gida, tunda wanda aka kawo dominsa ba zai zo ba. Ya duba, ya sake dubawa. Gurbin ne kawai.

"An ara," in ji Malama daga bayansa. "Karo na huɗu ke nan, kuma mutum ɗaya ce. Wata mai wankin kaya a asibiti, ranar Talata take hutu, ranar take zuwa. Ba ta duban bango. Yatsa take bi da shi a gindin littattafai tana laluben shuɗin zare, ta ƙirga ƙulli."

Baba Faci ya juyo, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ka ɗauka ban san mai ɗinke mini littattafai ba?" Yau dai ya ga haƙoran Malama. "Shekara biyu tana bin zarenka. Ba ta taɓa tambayata ko wane ne ba. Ina ganin tsoro take yi kada in ƙwace maka kati."

Ya shafa gurbin littafin da yatsa. Sannan ya dawo ya ɗora ledar lemon a kan teburin, ya tura ta gabanta.

"Ki ajiye mata zuwa Talata. Ki ce mata mai zaren yana nan da ransa." Ya kai bakin ƙofa, ya sake juyowa. "Ƙarƙashin matakala, kusa da mai gyaran waya. Ki faɗa mata da kyau, 'yata, yana nan da ransa."

Ranar Talata tun da sassafe ya share gaban shagon, ya je ya ari kujerar roba wurin mai gyaran waya.

"Baba, baƙo za ka yi? Kai?"

"Kai dai ba ni kujera."

Ya goge ta da ƙyalle, ya ajiye ta gefen keken, ya gyara mata zama har sau biyu. Sannan ya zauna ya ɗauki wani wando, ya kasa zura zare a allura, saboda duk wadda ta gifta sai ya ɗaga kai.