Hoton Gidan Inna daga Kwalekwale

Mu mutanen ƙasar Gumel ba mu san ruwa ba sai na rijiya, shi ma sai ka zura igiya har ka gaji. Shi ya sa shekarar da marka ta yi yawa, tabkin bayan ƙauyenmu ya cika ya tumbatsa ya shigo har cikin gidaje, muka rasa yadda za mu yi da shi. Kowa ya kwashe nasa ya nasa ya koma kan jigawa, aka kakkafa bukkoki na zana. Innata ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta, a kan jaki aka fitar da ita.

A lokacin, da sauran 'yan shekaru a samu mulkin kai, ina ɗan aikin rubutu a tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa. Ina da wata kyamara irin ta akwati da na sayo a Kano, fim ɗinta hoto takwas yake ɗauka, kuma ji nake duk ƙasar babu kamar ni. Da na zo jaje, Inna ta ce, "Auta, wannan akwatin naka da kake damun mutane da shi, ka ɗauko mini gidan nan in riƙa gani. Ginin ƙasa ne, ba zai kai kaka ba."

A gidan aka kai ta amarya, a nan ta haife mu, daga nan aka fitar da gawar mahaifinmu. Hoto ɗaya ta roƙa. Amma ni na taɓa ganin wani dogon hoto a ofishin shugaban tasha, na wani gari a bakin teku, an ɗauka gunduwa-gunduwa an haɗa. Sai na ce a raina zan ɗauko mata unguwar gaba ɗaya, daga masallaci har maƙera, gidanmu a tsakiya. Babu abin da ya kai ni sai son a sani.

Akwai wani masunci daga wajen Haɗeja da ya kawo ɗan kwalekwalensa yana kamun kifi a tabkin. Ranar da muka shirya, zazzaɓi ya kwantar da shi. Yayana, wanda fatauci yake yi da jakuna tsakanin Gumel da Maigatari, ya karɓi gorar tuƙin ya ce, "Mutumin da ke kora jaki goma shi kaɗai, ɗan guntun icen nan ne zai gagare shi?" Ni kuma na yarda, don ni ma ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Dabarar mai sauƙi ce. Ka ɗauki hoto, ka riƙe abin da ya zo a ƙarshen gefensa, ka murɗa fim, a matsa gaba kaɗan, sannan ka fara na gaba daga wannan abin. Muka fara da hantsi. Na ɗauki masallaci, na ɗauki gidan liman da kukar da ke gabansa, na ɗauki na uku. Na huɗu ya ƙare a kan rumbun gidan wanzami, wanda ke jikin katangarmu ta gabas. Muka matsa kaɗan har rumbun ya koma ɗaya gefen, na ce, "Yaya, tsaya nan." Ya ɗaga gora ya riƙe, ya ce ya tsaya.

Abin da ba mu sani ba, mu biyun, shi ne kwalekwale ba jaki ba ne. Jaki in ka daina kora shi, murna ma yake yi ya tsaya. Wannan kuwa ya ci gaba da sulalawa abinsa. Ni na sunkuyar da kai ina murɗa fim, ina leƙen 'yar jar tagar da ke bayan akwatin in ga lamba ta biyar ta fito, abin ya ɗan cije, na ɗauki lokaci. Yaya kuma idonsa na kan ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙafarsa, yana ta salati ƙasa-ƙasa. Da na ɗago, ga rumbu a gefen da na bar shi, sai na danna. Rumbunan ƙauyenmu kuwa duk mutum ɗaya ke gina su, kamarsu ɗaya. Muka ƙarasa har maƙera, muka fito, Yaya yana cewa da ma ya faɗa mini ba wani abu ba ne.

Fim sai Kano ake wanke shi. Na bayar da shi a jirgi, ya yi mako uku bai dawo ba. Kafin nan an sake yin ruwa kwana biyu a jere, unguwar ta zube, ba abin da ya rage a tsaye sai kuka.

Da hotunan suka iso na jera su a kan teburin ofis. Sun fito tas, har inuwar gidajen a cikin ruwa. Na huɗu ya ƙare a kan rumbun wanzami. Na biyar ya fara a kan rumbun mai unguwa, maƙwabcinmu na yamma. Gidanmu babu shi, ko zankon ɗaki. Garin neman gira na rasa ido. Na ji haushin Yaya, na ji haushin masunci da zazzaɓinsa, amma na san laifin nawa ne, kuma kunya ta kama ni ƙwarai.

Sai na yi abin da ya fi muni. Na jiƙa ƙaro, na yanke rabin wannan rumbu na haɗa da rabin wancan, na manna su duka a kan dogon kwali. Haɗin ya yi kyau, wallahi in ba ka san wurin ba ba za ka gane ba. Na yi tunanin idon tsohuwa ne, za ta ga unguwa ta ji daɗi, shi ke nan.

Na kai mata a bukka da la'asar. Ta sa aka ɗage zana don haske, ta ɗora kwalin a cinya, ta riƙa bi da yatsa daga dama, tana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan rumbun ta tsaya. Ta koma baya, ta sake dawowa.

"Auta, tun yaushe wanzami ya haɗa katanga da mai unguwa?"

Na faɗa mata gaskiya, har da ƙaron. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta miƙo mini kwalin.

"Ɓamɓare su ka raba," in ji ta. "Tunda ba ka ɗauko shi ba, ka bar masa filinsa."

Na ɓamɓare da wuƙa a gabanta. Ina matsar da na biyar gefe tana cewa in ƙara, in ƙara, gidan ya fi haka faɗi.