Hannuwan da ke dunƙula gabu

Akwai wani yini a Tama da ba zai taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina binciken kammala jami'a kan yadda matasa masu koyon Faransanci ke haɗa hoto da murya da rubutu a wayoyinsu. Aikina bai shafi ba da maki ba. Kowa zai yi gajeren bidiyo kan rayuwarsa, in kwafe a ordinatar, wato kwamfuta, daga baya in dawo mu kalla tare, ina tsayarwa ina tambayar dalilin kowane zaɓi. Na yi musu alkawarin ba mai gani sai da yardarsu.

Cikinsu akwai wani saurayi mai noman albasa. Na karɓi aikinsa, na tsara tambayoyina, amma da na dawo bayan damina sai aka ce ya tafi ci-rani arewa, motarsu ta lalace a hamada, bai kai ba, Allah ya yi masa rasuwa. Wayarsa ma can ta tsaya.

Na je yi wa mahaifiyarsa gaisuwa. Bayan mun yi addu'a ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, an ce muryatai na cikin na'urarki."

Wanda zan nemi yardarsa ba ya duniya, ga tsohuwa ta zuba mini ido. Na buɗe ordinatar a kan tabarma.

Muryarsa ta fito, yana nuna rijiya da fangalin albasa, yana faɗin sunayensu da Faransancinsa mai tuntuɓe. Ba ta jin ko kalma, amma ta matso har goshinta ya kusa taɓa gilashin. Daga nan hoton ya tsaya kan hannuwan wata mace tana dunƙula gabu, wato dakakken ganyen albasa. Nan ya daina magana, sai kalma guda da ya rubuta a ƙasa.

"Hannuwana ne," in ji ta. "Mi ya rubuta?"

"Inna, cewa ya yi a yafe masa."

Sai ta ce, "Bai yi min bankwana ba. Ya san ba ni barin shi ya tahi." Ta goge fuska da gefen zane. "Na yahe. Maido shi in ƙara ji."

Na yi ta maimaitawa har la'asar ta yi sanyi, kuma kafin in tafi na tura wa ƙanwarsa a wayarta. Aikin nasa ban saka shi a rahotona ba, don mai ba ni izini da bayani ya riga ya tafi.

Yau ni ke koyar da masu bincike. Abin da nake fara gaya musu shi ne, abin da suke tarawa a na'ura rayuwar mutane ce, wani lokaci ma shi kaɗai ke rage wa iyalansu. Su riƙe shi da tsoron Allah.